Rawar da Ta Kori Taubashina daga Gagarawa Tasha

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ku yi haƙuri da rubutuna, ni ba ɗan boko ba ne. Ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci ne nake lallaɓawa da shi, shi ma malamin ya sha korata waje saboda surutu. Idan kun ga harafi ya kwanta, ku taimaka ku tashe shi. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, kowa shi aka cuta, kowa shi aka zalunta, har na fara tunanin ko azzaluman ne ba su iya rubutu ba. To ga ɗaya daga cikinsu ya iya kaɗan.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, lokacin duk ƙasar Gumel tana cikin jihar Kano, ni saurayi ne ɗan dako a Gagarawa Tasha. Na ce ɗan dako don kar a ce ba ni da sana'a, amma maganar gaskiya buhun gyada ya kusa fi na nauyi. Gajere ne ni, siriri, ga wushirya, ga kumatu masu loɓawa, fuskata kullum kamar yanzu aka yi mini albishir. Allah ya ba ni baki da iya kwaikwayo. Ina yin tafiyar akawun sikeli, ina yin tarin mai gadi, har kukan jirgin ƙasa idan ya taso daga Kano ina yi. Aikinmu shi ne idan jirgi ya ajiye taragai, mu ɗebo buhunan gyada daga inda aka tara su, mu hau wani faffaɗan katako da su mu jera a ciki. Sarkin dako, wani dattijo mai jan gemu da ke raba mana aiki, ya san ba na tsinana komai. Amma ya ce mutane sun fi sauri idan suna dariya, saboda haka ya bar ni da ɗinkin bakin buhu da sharar gyadar da ta zube, ina cin rabona daidai da na kowa.

A cikin kakar nan ne gwaggona, yayar mahaifina, ta kawo mini ɗanta da kanta daga wani ƙauye a yankin Sule Tankarkar. Gonarsu ba ta yi ba a shekarar, ta ce in nema masa abin yi a tasha. Mu kusan sa'o'in juna ne, amma in kun gan mu tare sai ku ce raƙumi ne ya fito kiwo da ɗan akuya. Dogo ne ƙaƙƙarfa, girarsa a haɗe, ko zuma yake sha sai ka ɗauka maɗaci aka ba shi. Ba fushi ba ne, haka Allah ya yi fuskar. Sannan yana da i'ina mai tsanani. Idan kalma ta maƙale masa sai ya ɗaga hannun dama sama ya dunƙule, ya buga ƙafa a ƙasa, ya kafe ka da ido, kamar da ƙarfi zai fizgo ta daga maƙogwaro. Mu da muka taso tare mun san hannun nan bai taɓa sauka a kan ko kaza ba. Baƙo kuwa in ya gani sai ya ja da baya.

Kafin Gwaggo ta koma ta ja ni gefe. Babana take kirana, don sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta iya faɗinsa. Maganar da ta tuna mini na santa. Mijinta ya yi fama da taɓin hankali shekaru kafin ya rasu, kuma a ƙauye a lokacin ba a san wani asibiti ba, sasari aka sa masa, ƙarfe a ƙafa biyu da 'yar gajeriyar sarƙa a tsakani. Ina yaro an sha kai ni can in yi damina, na gan shi da idona yana zagaya tsakar gida, hannu ɗaya riƙe da ƙugun wando, yana jan ƙafa kaɗan-kaɗan don sarƙar ba ta barin taku ya buɗe. A ƙauyensu duk wanda ya ga ɗan ya ɗaga hannu yana kokawa da magana sai ya ce abin uban ne ya fara. Shi ya sa ta kawo shi inda ba a san su ba. Ta ce, Babana, ba ta neman komai sai ɗanta ya zauna a inda za a ɗauke shi mai hankali kamar kowa, kar in bari ko mutum ɗaya ya ji labarin gidansu. Na dafa ƙirji na ce ta je ta yi barcinta.

Kun san ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, abokan wasa. Kana iya kiransa bawanka a gaban jama'a, ka cire masa hula, ka cinye masa tuwo, in ya yi fushi shi za a yi wa faɗa. Tun ranar farko na sanar da 'yan tasha cewa ga bawana na kawo, wanda na gada, ba ya cin abinci da yawa sai abin mutum huɗu. Aka yi dariya, shi ma ya ɗan motsa leɓe. Da abin ya tsaya nan da babu labari. Amma bai yi sati ba kowa ya ga irin aikinsa. Buhun da mutum biyu ke ɗora wa ɗaya, shi kaɗai yake sungumarsa ya hau katako kamar matashin kai ya ɗauka. Ba ya zama sai sallah ta zaunar da shi. Wata rana muna cin tuwo a rumfar wata mata da ke sayar mana da abinci, sarkin dako ya dube shi ya dube ni, ya ce ashe a danginku akwai maza, kai wa ka biyo? Rumfa ta ɗauki dariya. Ni da kullum nake raba wa mutane dariya, ranar ni aka raba. Na taya su, har da buga cinya, amma na ƙulle maganar a raina.

Bayan 'yan kwanaki mazagin wandona ya tsinke ina tsakiyar shara. Na riƙe ƙugun wandon da hannu ɗaya na nufi bayan tarin buhuna ina jan ƙafa kaɗan-kaɗan don kar ya zame. Mutane suka kwashe da dariya, ni kuma da ba na barin dariya ta tafi a banza sai na ƙara gishiri, na zagaya fili ina ta jan ƙafa. Ina ɗaga kai sai na ga taubashina tsaye da buhu a kafaɗa, fuskarsa ta koma kamar toka. Wallahi a karon farko ban yi da nufi ba. Amma a daidai lokacin na gane abin da ya gani, kuma maimakon in ji kunya sai na ji wani sanyi a raina, na mutumin da ya gano inda ƙato yake jin zafi. 'Yan tasha suka sa wa abin suna rawar mazagi. Daga ranar in aiki ya lafa sai wani ya ce a yi mana rawar mazagi mana, ni kuwa ba a roƙona sau biyu.

Bari in faɗa muku yadda nake yi, don a nan muguntar take. Fuskata tana wajen jama'a, haƙora a waje, ina kashe wa mai tuwo ido. Ina jan ƙafa har in iso inda yake, in rungumi ƙugunsa kamar mai lallashi, in kwantar da kaina a damtsensa. Duk wanda ke kallo ƙauna yake gani. A nan ne nake raɗa masa, yadda ba mai ji sai shi, wai Baba yana gaishe shi, yana tambaya yaushe zai zo a gwada masa nasa ƙarfen. Sai ya juyo, hannun nan ya tashi sama, ƙafa ta bugi ƙasa, ido ya yi ja, baki yana rawa kalma ta ƙi fita. Ni kuma tuni na durƙusa na kare kaina da hannu biyu, ina leƙen jama'a ta tsakanin yatsu, ina cewa ku cece ni bawa zai kashe ubangidansa. A yi dariya, sannan a juya kansa. Wannan ya ce haba ƙato, wasan taubasai ne fa. Wancan ya ce ji yadda ya murtuke, ɗan wannan abu za ka daka? Mai tuwo ta ce ita dai tana tausayin ɗan gajeren nan, wata rana sai an kwashe shi a faranti. Babu wanda ya taɓa tambayar abin da ke cikin rawar. Sun ga ƙarami yana murmushi, sun ga babba ya ɗaga hannu, shi ke nan shari'a ta ƙare.

Shi kuma na toshe masa hanya ta ko'ina. In ya so yin bayani, i'ina ba za ta bar shi ya kai ƙarshe ba kafin wani ya katse shi. In ma ta bar shi, me zai ce? Sai ya tona da bakinsa cewa mahaifinsa a cikin sasari ya rasu, abin da aka kawo shi tasha don a ɓoye ke nan. Sau ɗaya ya same ni ni kaɗai a bayan tarin buhuna da hantsi. Ya daɗe yana fama kafin ya haɗa maganar. Ya ce in kira shi bawa, in kira shi jaki, in cinye rabonsa na abinci, duk ya yarda, amma don Allah don zumunci in bar tafiyar nan. Na bubbuga masa baya na ce haba ɗan Gwaggo, ai ban san tana damunka ba, an bari. Washegari na yi ta sau biyu.

Ranar da abin ya fashe tasha cike take, ana jiran jirgin fasinja, ga fatake masu wucewa Maigatari da kayansu. Ganin taro sai kaina ya kumbura. Na ɗauko igiyar da muke ɗinke buhu da ita na ɗaure ƙafafuna biyu, na bar ɗan tsakani kamar tsawon tafin hannu, yadda na tuna sarƙar take. Taubashina yana kan katako da buhu, na bi ta ƙarƙashinsa ina rawa, ina ɗaga masa gira. Ya saki buhun ya faɗo ya fashe, gyada ta watse. Ya diro ya cafki wuyan rigata da hagu, dama ta tashi sama. Na san hannun nan. Na san so yake ya ce in bari, kalmar ce ta maƙale. Amma sai na saki gwiwoyina na zube da kaina, ga ƙafa a ɗaure, leɓena ya bugi gefen katako ya fashe. Da na ga jini a hannuna har wani daɗi na ji. Maza suka yi kansa suka rirriƙe shi, mata suna salati.

Aka kai mu gaban sarkin dako a gindin wata tsamiya. A nan na ga abin da har yau yake ba ni tsoro. Wani ya rantse ya ga naushin ya sauka. Wani ya ce shi bai gani ba amma ya ji ƙararsa daga wajen sikeli. Mai tuwo ta ce sau biyu ne, na biyun ne ya fasa leɓen. Kuma babu maƙaryaci a cikinsu, mutanen kirki ne masu sallah. Sun ga hannu a sama, sun ga mutum a ƙasa da jini, zuciyarsu ta cike musu abin da ke tsakani. Ni na cire hula na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ce ranka ya daɗe a bar maganar, ɗan'uwana ne, jinina ne, na yafe masa. Na ji ana cewa Allah sarki, ji yaron kirki. Shi kuwa yana tsaye ƙiƙam, har ya manta da durƙusawa. Sarki ya ce ya yi magana. Ya kafe Sarki da ido, yadda yake yi wa duk wanda yake ƙoƙarin yi wa magana, hannun ya fara tashi. Wani daga baya ya ce ku duba, har Sarkin ma zai daka. Wani ya ce ai cewa zai yi bai yi ba, ƙarya ce ta maƙale masa. Sarki ya ɗaga sanda ya ce ya isa.

Sai akawun sikeli ya gyara tsayuwa ya ce shi dai yana da tambaya, anya mutumin nan lafiyarsa ƙalau kuwa, ya nuna kansa da yatsa. Duk ido ya dawo kaina, tunda ni ne ɗan'uwansa. Edita, ban ce uffan ba. In an tashe ni gaban Allah zan iya cewa ban furta kalma ɗaya ba, alƙawarin Gwaggo ban karya shi da baki ba. Abin da na yi shi ne na ja dogon numfashi, na kalli ƙasa, na girgiza kai a hankali, irin na wanda yake riƙe da sirrin gida mai nauyi. Na ji wata mata ta ce wayyo, ashe. Sarkin dako ya shafa gemu ya ce shi ba zai iya ajiye irin wannan a inda ake aiki da ƙugiya da kaya masu nauyi ba, ya tattara nasa ya nasa kafin la'asar. Taubashina ya dube ni. Hannunsa ya sauka a hankali, bai ƙara ƙoƙarin cewa komai ba. Ya ɗauki tabarmarsa da butarsa ya bi hanya a ƙafa.

Daga baya na ji ya je Maigatari ranar kasuwa neman dako, amma yaran mota sun riga shi kai labari. Duk wanda ya nufa sai ya janye kayansa, ana nuna shi da baki ana cewa ƙaton nan ne na Gagarawa mai taɓi. Haka ya koma ƙauye. Ni kuwa leɓena ya warke, mai tuwo tana ƙara mini nama saboda abin da na sha.

Ba a yi wata ba sai ga Gwaggo a tasha, da ƙwaryar daddawa a ka da kaza a hammata. Na ɗauka asirina ya tonu. Ashe haƙuri ta zo ba ni. Aka shimfiɗa mata tabarma a rumfar mai tuwo, 'yan dako suka zo gaishe ta. Ta ce, Babana, ta ji abin da ɗanta ya yi mini bayan duk ɗawainiyar da na yi da shi, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta ce tun da ya koma bai ce da kowa komai ba, yana zaune a zaure yana kallon ƙafafunsa. Sannan ta matso ta rage murya, ta ce tana tsoron abin uban ne ya taso, har dangin mijinta sun fara maganar a nemo ƙarfen nan daga inda aka ajiye shi tun kafin ya illata wani. Bakina ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, ai ba komai Gwaggo, Allah ya ba shi lafiya.

Akwai wani abokin aikinmu mai farin ciki, mutumin kirki, da ya ga tsohuwa tana share hawaye sai ya so ya sanyaya mata rai. Ya ce wallahi Gwaggo ɗan ƙanin nan naki ba shi da laifi ko kaɗan, duk faɗan a kan wata 'yar rawa ce da yake ba mu dariya da ita, bari ki gani. Ya miƙe, ya riƙe ƙugun wando da hannu ɗaya, ya fara jan ƙafa kaɗan-kaɗan yana zagaya rumfa. Ya iya ta sosai, ai a wurina ya koya. Har ya ƙara da cewa ranar ma igiya na ɗaura a ƙafa don ta fi armashi. Sauran suka fara dariya. Gwaggo tana cikin buɗe faifan ƙwarya, hannunta ya tsaya. Ta bi ƙafafun mutumin da kallo har ya gama zagayensa. Sannan ta juyo ta dube ni. Kun san abin da fuskata ta yi? Murmushi. Ban sa ta ba, ba ta san wani abu ba ne sai shi. Gwaggo ta miƙe ta gyara mayafi. Mai tuwo ta ce ba za ki ci abinci ba? Ta ce ta ƙoshi. Na bi ta da ƙwarya da kaza, ta ce in bar su, don sunan mahaifinta ta kawo, ba ta komawa da su. Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta ƙara ce mini Babana ba. In dole ta yi mini magana a taron dangi sai ta ce kai wannan.

Alheri ɗaya da ya fito a ciki shi ne ba a nemo ƙarfen ba. Ta koma ta tsaya a kan ɗanta ta ce lafiyarsa lau, duk mai son sa masa sasari ya fara sa mata. Amma ku lura ba ni na cece shi ba. Da abokin nan namu bai tashi rawa ba, da na bar ta ta tafi da haƙurin da ta kawo, na yanka kazar na ci.

Na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi. Ƙarshe na sami sarkin dako da wasu manyanmu bayan sallar azahar, na ce ina da magana. Na ce taubashina bai taɓa ni ba, ni na faɗi da kaina, ni nake tsokanarsa da wata magana ta gida mai ciwo, lafiyarsa ƙalau, a dawo da shi. Ina faɗa ina jin kumatuna suna loɓawa, na yi na yi in haɗe fuska ta ƙi haɗuwa. Ɗaya daga cikinsu ya fara dariya ya ce yau kuma wace rawar ce wannan? Wani ya ce Allah ya yi maka albarka, ka sha duka kuma kana neman rufa wa ɗan'uwanka asiri. Na rantse, suka ce kai da rantsuwa ai kamar gyada da ɓawo. Sarki ya dafa kaina ya ce, yaro, zumunci abu ne mai kyau, amma shi abin da idonsa ya gani ba mai canza masa. Fuskar da ta sa aka yarda da ƙaryata, ita ta hana a yarda da gaskiyata. Na tashi ina jin ana cewa ɗan gajeren nan akwai zuciya mai kyau.

Bayan nan fari ya zo, gyada ta yi ta ja da baya har aikin tasha ya mutu, kowa ya kama gabansa. Ni na koma Gumel ina 'yan buge-buge. Taubashina kuwa na ji ya tsallaka wajen Damagaram yana bin masu shanu, aikin da ba a buƙatar magana. Shekaru kaɗan bayan haka na hango shi a kasuwar shanu ta Maigatari, ya rame, yana riƙe da igiyar wani bijimi. Na yi kamar in ɓuya a bayan mota, sai dai ƙafata ta kai ni. Na gaishe shi, na fara neman gafara. Ya ɗaga hannun nan, wasu da ke kusa suka juyo, ni kuwa a karo na farko a rayuwata ban durƙusa ba, ban kalli kowa ba, na tsaya na jira. Ya ɗauki lokaci mai tsawo. Abin da ya ce shi ne in juya masa baya in faɗa, don in yana kallon fuskata ba ya sanin wanne ne wasa. Na juya. Na faɗi duk abin da na yi, daga mazagi har girgiza kai, ina fuskantar gindin wata saniya, wadda ita ma ba ta ga alamar ta yarda da ni ba. Can ya ce ya ji. Kalmar ta fita sumul ba i'ina. Bai ce ya yafe ba, ya ce ya ji. Kafin in juyo ya ja bijiminsa ya shige cikin shanu. Ban ƙara ganinsa ba, sai labarin rasuwarsa da ya iso ni bayan an yi sadakar bakwai.

Yanzu na tsufa, haƙoran da na yi ta'adi da su duk sun zube, wushiryar ta zama ƙofar gari. Kumatun sun shige ciki, jikoki suna cewa Kaka kullum fuskarka a ɗaure. Ina jin daɗin hakan, ko ba komai yanzu in na ce ina baƙin ciki ana yarda.

Abin da nake so in bar wa masu karatu ba wai ku daina wasa da taubasanku ba ne, wasa yana da daɗi kuma yana riƙe zumunci. Masu irin halina kuwa ba sai na yi musu wa'azi ba, sun san kansu, suna karanta wannan suna murmushi. Da ku nake, masu tsayawa kallo, domin ni kaɗai ba zan iya korar ƙaton nan daga tasha ba, da idanun mutanen kirki na yi aiki. In kun ga biyu suna wasa, ɗaya kullum yana dariya ɗaya kullum yana haɗe rai, kar ku yi saurin cewa mai haɗe ran ne bai san wasa ba. Ku tambayi kanku me ya sa mai dariyar yake kallonku maimakon ya kalli abokin wasansa. In an tambaye ku shaida, ku faɗi abin da ido ya gani kawai, hannu a sama daban, hannu a jikin mutum daban. Ni yanzu in ina zaune a ƙofar gida na ga yara sun taru ana yi wa wani ihu wai ba ya son wasa, sai in kira wanda ya murtuke ɗin in zaunar da shi kusa da ni, in kori mai dariyar ya ba mu wuri. In tambaye shi me aka yi masa. Wani lokaci sai ya daɗe bai ce komai ba. Ina jira. Da a gindin tsamiyar nan an sami mutum ɗaya da ya jira taubashina ya ƙarasa kalma ɗaya, da ba ku karanta wannan ba.